Motar Zuwa Kukar Maƙera

Daura,
20 ga Afrilu, 2024.

Zuwa ga Yayan Zulfa,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Fadila da 'yarku Madina. Mu nan sai godiyar Allah. Jikin Babanku da sauƙi. Hannun hagun ne dai bai dawo ba tun shanyewar da ya yi bara, maganarsa kuma sai wanda ya saba da shi yake ganewa.

Hamma mai babbar mota zan ba wannan takarda, tunda gobe zai yi lodin shanu a Mai'aduwa zuwa Agege. Ka san ni da waya. In ka kira, gaisuwa kaɗai ke fita bakina, sai in miƙa wa ƙanwarka. Zulfa dariya take yi mini, wai a zamanin nan wa yake jin kunyar ɗan fari. Ni haka na tarar da uwata, ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba har ta koma ga Allah, kuma ba a kaina za a fasa ba. Takarda kuwa ba ta kallon idon mutum. Ban yi shekara biyar a sakandare don wani ya riƙa rubuta mini ba.

Ƙaramar Sallah ta zo ta wuce, ba ka zo ba. Shaddar da ka aiko ta iso, an gode. Amma shadda ba ta durƙusawa ta gaida tsoho. Ka riƙe wannan.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Sallah tsofaffin direbobin tasha suka zo gaishe shi. Da suka tafi ya ce in ɗauko masa lasinsa daga cikin akwati. Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ce yana so ya je Kukar Maƙera ya ga yayansa, Baffanku Usman. Ka san idon Baffa ya tafi, shi kuma wannan ƙafa ta tafi, shekara huɗu ke nan ba su haɗu ba, alhali tsakaninsu bai fi tafiyar awa biyu ba.

Na ce a ɗauki shatar mota. Ya ce a'a. Hamma ya ce zai aro ta maƙwabcinsa ya kai shi. Ya ce a'a. Ga maganarsa, yadda ya faɗa: "Shekara talatin da ɗaya ina kai 'ya'yan mutane gidajen iyayensu. Ni ma ɗana ne zai kai ni, a motarsa, ina zaune a gaba."

Ban ce ka yi abin da ya fi ƙarfinka ba. Na dai san kai ne shugaban garejin kamfanin da ke sayar da motoci, kullum a cikinsu kake kwana kake tashi. Kukar Maƙera kuma a can aka yaye ka, a can ka zauna har ka shekara bakwai. Kana da haƙƙin mutum biyu a kanka a tafiya ɗaya. Wanda Allah ya bar wa uba da rai, ƙofa ce aka bar masa a buɗe, kuma ba a sanar da ranar rufe ta.

Ka kula da sallah a kan lokaci. Ka gaida Fadila, ka ce mata hoton Madina da na gani kanta ba ɗankwali.

Uwar Zulfa,
Rahmatu.

Apapa, Legas,
5 ga Mayu.

Inna,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya, tana ɗan warin shanu, Fadila ta ce ko ba a faɗa ba an san ta hannun wa ta biyo. Na ji daɗi da jikin Baba yake da sauƙi. Madina ta samu ɗankwali.

Inna, na karanta maganar Baba sau uku. Abin da ba ku sani ba, shekara shida ina shirin wannan. Na riga na nemi hutuna na bana, mako biyu, a Babbar Sallah. Ba a 'yar ƙaramar motar da nake zuwa aiki zan ɗauke shi ba. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa a kan sitiyari ya cancanci ya ji irin motar da manyan mutane suke shiga, ko sau ɗaya ne.

Shafi na biyun nan na Baba ne. Don Allah ki karanta masa a hankali.

Baba, ina gaisuwa. Motoci biyu ne a gabana, duka 'yan Jamus, na hannu ne amma masu tsafta, dogaye masu ƙofa huɗu. Ƙarfin injin kowacce ya kai doki ɗari shida. Ka tuna ka ce mini Fijonka 504 ba ta kai ɗari ba.

Ta farko tana ja da tayoyinta huɗu duka. Injin yana raba ƙarfinsa, in wata taya ta ji santsi sai ya tura wa wadda ta kama ƙasa. A ruwan sama kamar an liƙa ta a kwalta. In ka taka totur daga tsaye ba ta ko ƙara, sai dai ka ji bayanka ya nutse a kujera. Aibinta nauyi, da shan mai, da yawan ƙarafan da za su iya lalacewa. Kuma sitiyarinta ba ya gaya wa hannu komai. Ita ke tuƙin, kai rakiya kake yi. Wannan tana nan a harabarmu yanzu haka, gobe ma zan iya ɗauka.

Ta biyu irin taka ce: tayoyin baya kaɗai ke turi, na gaba aikinsu nuna hanya. Ta fi sauƙin nauyi, ta fi jin magana a kwana, ko tsakuwa ka taka sai ka ji a tafin hannunka. Amma ba ta yafiya. A jiƙaƙƙen titi, in ƙafarka ta yi nauyi, bayanta zai so ya wuce gabanta. Wannan ba ta ƙasar nan, sai an ɗoro ta a jirgin ruwa.

Kai ka koya mini cewa ba a haɗa wa taya ɗaya aiki biyu. Ina tuna ranar da muke dawowa daga Kano, ina ajin ƙarshe na firamare, ruwa ya tsuge mana bayan Kazaure, bayan Fijo ya kwaso gefe. Mata suna salati, kai kuwa da yatsu biyu ka gyara ta, ka ce wa mutumin da ke gefenka, "To Alhaji, sai aka yi yaya da ragon?" Tun ranar na san aikin da zan yi a duniya.

Baba, wacce zan kawo? Abin da ka ce shi za a yi.

Inna, ki rubuto mini amsarsa yadda ya faɗa.

Ɗanku,
Musaddiq.

Daura,
18 ga Mayu.

Yayan Zulfa,

Sallama da fatan alheri. Muna lafiya. Jikin Babanku da sauƙi. Zafi ne ya takura masa, mun mayar da gadonsa rumfa.

Na ga takardarka, shafi biyu, ɗaya da rabi duk labarin taya. Na karanta na ajiye, na yi alwala, na sake karantawa ko zuciyata za ta sauka. Ba ta sauka ba.

An ce da kai tsoho yana son ganin ɗan'uwansa, kai kuma ka kawo mana gasar ƙarafa. Doki ɗari shida. Ina za ka da su? Ko gudun me kake yi da har sai bayanka ya nutse a kujera? A unguwar nan akwai gidajen da sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini. Ka shigo mana da irin wannan mota ka ajiye a ƙofar gida, yara su kewaye ta, manya su leƙo ta taga, kowa da abin da zai ce a ransa. Ba ka tsoron baki? Ba ka tsoron ranar da za a tambayi kowa ta ina ya samu, a ina ya kashe?

Ka ce ɗayar ita ke tuƙin, kai rakiya kake. To ai haka duniya take yi wa duk wanda ya sakar mata linzami.

Bari in tuna maka, tunda Legas ta sa ka mantuwa. Babanku da mai turin baya ya yi shekara talatin da ɗaya, Daura zuwa Kano, Daura zuwa Katsina, rani da damina. Tayoyin nan biyu su suka ciyar da gidan nan, su suka kai ka makarantar da kake taƙama da ita. Bai taɓa cewa sun yi masa kaɗan ba, bai taɓa neman huɗu ba, kuma bai taɓa kwantar da fasinja a asibiti ba. Abin da ya ishi uba, ban ga dalilin da zai kasa isar ɗa ba.

Wannan ita ce amsata, kuma ba na son a ƙara tayar mini da maganar.

An fara hadari ta gabas, manoma sun gama sharar gona. Ka san hanyar Kukar Maƙera da zarar an bar kwalta bayan Baure. Mai hankali yana duba sama kafin ya shanya gari.

Ka riƙa karanta wa Madina addu'ar barci da bakinka, kada ka bar wa waya.

Uwar Zulfa.

Apapa,
1 ga Yuni.

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Alhamdu lillahi da sauƙin jikin Baba.

Na karɓi faɗan, kuma na san daga ƙauna ya fito. Ki yi haƙuri. Ba don mutanen unguwa nake yi ba, in kin so ma a garejin Hamma za ta kwana, ba wanda zai gan ta.

Amma na gane saƙon. Na san ki, Inna, ba kya faɗin abu kai tsaye, tun ina yaro na koyi tsintar magana a cikin faɗanki. Da na ga kin rubuta cewa Baba bai taɓa neman huɗu ba, kuma abin da ya ishi uba ya ishi ɗa, sai na yi dariya ni kaɗai a ofis. Wato ya zaɓi tasa. Dama na san haka zai ce.

Na bar mai tayoyi huɗun, wani ɗan kasuwa ya ɗauke ta shekaranjiya. Na sa a ɗoro mai turin bayan. Shuɗiya ce mai duhu, kusan kalar Fijonsa. Jirgin zai iso ƙarshen Agusta.

Saboda haka na ɗaga hutuna daga Sallah zuwa lokacin, tunda sau ɗaya ake ba mu a shekara, kuma ba na so in zo masa hannu rabbana. Tunda jikin da sauƙi, wata biyu ba wani abu ba ne. Ragon layya zai zo ta hannun Hamma. Maganar hanya kuma kada ki damu, ɗan Ya'u Direba ne zai tuƙa.

Ki gaya masa ya fara motsa hannun daman nan. In mun bar gari, inda ba kowa, zan ɗora masa shi a kan sitiyari.

Musaddiq.

Daura,
24 ga Yuni.

Yayan Zulfa,

Assalamu alaikum. An yi Sallah lafiya, rago ya iso. Jikin Babanku da sauƙi, sai dai ya bar tuwo, kunu yake sha, shi ma cokali biyar ko shida.

Ka karanta wannan da kyau, kada ka tsinci komai a cikinta sai abin da na rubuta.

Ba Babanku ne ya zaɓa ba. Ban karanta masa shafin ba. Na ga kamar in na karanta na taya ka alfahari, sai na sa a ƙarƙashin sallaya. Abin da ka gani faɗana ne, ni kaɗai. Takardarka ta ƙarshe kuma sai ana jibi Sallah ta zo hannuna, tare da ragon, na rasa bakin da zan gaya masa ka ɗaga.

Jajiberin Sallah ya sa aka kira wanzami. Ranar Sallah ya sa shaddarka, ya ce a fitar da shi zaure. Tun hantsi har la'asar yana kan kujera. Duk motar da ta shigo layi sai ya karkata kai, kafin ta bayyana ya ce, "Ba ita ba ce, wannan injin ƙarami ne." Da aka shigo da shi bai tambaye ni komai ba. Wannan ya fi mini ciwo a kan ya tambaya.

Washegari na ɗauko takardunka biyu na karanta masa, tun daga farko har ƙarshe. Da na zo wajen Alhaji mai rago ya yi dariya har ya sarƙe, sai da na ba shi ruwa. Ya ce ai ragon sata ne, shi ya sa mutumin ya ƙi ƙarasa labarin. Sannan ya ce in rubuta, ga shi yadda ya faɗa:

"Gaya wa wawan yaron nan, doki ɗari shida a kan taya biyu, da damina, a kwarin Kukar Maƙera? Ai nan za mu kwana. Abin da na koya masa na motar zamanina ne, mai ƙarfin jaki. Ya ɗauki mai huɗun."

Na ce an sayar da ita.  Ya ce, "To ya zo da ta zuwa aikin." Na ce ai kai ka ce sai motarsa, shi kuma ya ɗauka babba kake nufi. Ya ce, "Rahmatu, ko kurar masu ga-ruwa ce, in dai shi zai tura. Ita ma ai daga baya ake tura ta."

To ka ji. Ka je wurin shugabanninka ka dawo da hutun nan. Mota ta iso a bayanka, ba inda za ta. Iyaye ba kayan jirgin ruwa ba ne da za a ce su jira a tasha.

Ni ce na yi kuskuren farko, na faɗa, kuma ba zan maimaita ba.

Uwar Zulfa.

Apapa,
3 ga Satumba.

Inna,

Ina gaisuwa. Ya ƙarin haƙuri. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Jiya Hamma ya kawo mini takardarki ta 24 ga Yuni. Ya ce tun bayan Sallah motarsa take wajen gyara a Kano, takardar tana cikin aljihun gaban motar, sai da ya zo lodi ya gan ta. Yana ta ba ni haƙuri. Na ce ba shi da laifi.

Na karanta ta a tsaye a bakin gareji. Kwana talatin da shida da binne shi, sai ga shi yana ce mini wawan yaro.

Kwana ukun da na yi a gida ban samu ganinki ba sai a cikin mata, na durƙusa, kika ce "Ya hanya," na ce "Lafiya." Don haka a nan zan tambaya. Ranar Juma'a, 26 ga Yuli, na kira. Ke kika ɗauka. Na ce yaya jikin Baba, kika ce da sauƙi. Ranar Lahadi da hantsi Zulfa ta kira tana kuka. Kafin jirgina ya sauka Kano an dawo daga maƙabarta. Zulfa ta gaya mini tun ranar Laraba ya daina shan ko ruwa, kuma kin hana ta faɗa mini.

Inna, awa ɗaya da rabi ne daga Legas zuwa Kano a jirgi. Kalma ɗaya nake buƙata. Na san ana cewa da sauƙi, ni ma ina faɗa. Amma ni ba maƙwabci ba ne da ya leƙo dubiya.

Laifina na sani. Na tsaya zaɓen taya. Kullum da shi nake kwana.

Motar ta fito ranar Alhamis. Tana harabarmu a lulluɓe. Yaran gareji sun ce in tayar su ji kukan injin, na ba su makulli na shiga ofis na rufe ƙofa. Akwai mai so. Ina jin zan bar masa, don ba na iya kallonta.

Ban rubuto don in ɓata miki rai kina cikin takaba ba. Ina so in sani ne kawai.

Musaddiq.

Daura,
21 ga Satumba.

Assalamu alaikum.

Muna lafiya. Ba zan ce da sauƙi ba. Babu sauƙi.

Wannan ba ta hannun Hamma za ta zo ba. Zulfa za ta ɗauki hotonta da waya ta turo maka, kuma na ce mata in ta ga dama ta karanta.

Ka tambaya, kana da haƙƙin amsa. Na san takardar 24 ga Yunin nan ba ta tafi ba. Ummukulsum matar Hamma ta gaya mini tun farkon Yuli cewa motar mijinta tana Kano. Zulfa ta ce in sake rubutawa ta turo maka a minti ɗaya. Na ƙi, don kada 'yar da na haifa ta ga inda na rubuta wa ɗan fari cewa na yi kuskure. Na ce gobe motar za ta tashi. Kullum gobe.

Ranar Juma'ar da ka kira ina zaune a bakin gadonsa. Na ga sunanka a wayar, na shirya maganar a bakina, kalma biyu ce: ka taho. Da na ji muryarka sai abin da aka koya mini tun ina 'yar shekara goma ya riga ni fita. Ba a kai ƙarar Allah wurin bawa, ba a tayar wa na nesa hankali, uwa ba ta nuna tana neman ɗan fari. Na ɗauka haƙuri nake yi. Na yi shekara da shekaru ina yi maka wa'azi a kan girman kai, ashe nawa ya fi doki ɗari shida.

Wa'adinsa ne ya cika, wannan ba ni ba kai. Amma ganin da ba ku yi ba, ni na hana. Ka sauke wannan daga kanka, ka bar mini kayana.

Ka so ka san yadda ya ƙare. Bai yi fushi da kai ba. Ranar Asabar da rana idonsa a rufe, sai na ga hannun daman yana motsi a kan zane, gaba, baya, yadda yake sa giya. Na kai kunnena. Ya ce, "Sandamu." Can an jima ya ce, "Baure." Sai ya ce, "Sassauta, yaro, akwai ruwa a kwarin." Kai kake tuƙin. Daga nan sai kalmar shahada, da safe.

Baffanku Usman ya zo bayan ka koma, a bayan babur, taɓo har gwiwa. Ya ce a kai shi ɗakin. Ya shafa gadon, ya shafa filon, na sa masa lasin a hannu. Ya ce, "Ya'u ya ce mini a waya ɗansa zai kawo shi a motar da ba a taɓa gani ba a garinmu. Na gaya wa kowa." Ya ce in ta zo a kai masa, ko shafawa ya yi.

Saboda haka kada ka sayar. Na faɗi abin da na faɗa a kanta, kuma har yanzu ina ganin ɓarna ce. Amma an riga an yi wa makaho alkawari.

Zan fita takaba farkon Disamba. Lokacin ruwa ya janye daga kwarin, sai yashi, kuma Babanku ya sha faɗa cewa mai turin baya ba ta shiri da yashin nan. Na san haka da kaina. Bari in gaya maka abin da ko shi ban taɓa gaya wa ba.

Ranar da za a kai ka yaye, kana da shekara biyu ba wata biyu, a Fijo muka tafi, kana bayana. A wannan kwarin ta nutse. Tayoyin baya suna ta juyawa suna haƙa rami, na gaba suna tsaye ba abin da suka iya. Mutanen da ke gona suka zo turi, ni ma na sauka na dafa bayan motar tare da su. Babanku yana leƙowa yana cewa, "Ku tura! Rahmatu, tura!" Hannuna yana kan ƙarfen, amma ban tura ba. Addu'a nake yi a zuciyata kada ta fita, rana ta faɗi, a ce a koma gida da kai. Ta fita. Na miƙa ka ga kakarka ban waiwaya ba, mata suna yabona, wai ga yarinya mai kunya. Shekara biyar ina jin yabon nan kamar garwashi.

Da mai tayoyi huɗu ce a ranar, da ko wannan rabin awar ban samu ba.

Ka zo da mai turin bayan. Zan zauna a gaba, a kujerarsa, in riƙe lasin. Ka zo da Madina ta ga inda ubanta ya koyi tafiya. In mun isa kwarin ta nutse, kada ka kira kowa daga gona. Zan sauka, kuma wannan karon da gaske zan tura.

Ka taho, Musaddiq.

Mahaifiyarka,
Rahmatu.